Yadda Mamuda Ya Sauƙaƙa wa Surukarsa Kuɗin Agaji

In ka taɓa sauka a tashar Kankia wayarka ba caji, to ka san Mamuda, ko kana so ko ba ka so. Shi ne mai rumfar cajin nan da ya rubuta wa kansa "Injiniya" da jan fenti a jikin kwano, alhali iyakar injiniyancin nasa ya soka waya a soket ya zare. Duk rediyon da ya shiga hannunsa yana magana, bebe yake fitowa. Amma baki kam Allah ya ba shi. In ya fara bayanin yadda zai gyara wutar ƙasar nan, har sai ka ji tausayin gwamnati da ba ta san da zamansa ba.

Surukarsa Inna Maimunatu, uwar matarsa Kulu, ita kaɗai take zaune a gidanta a ƙauyen Ƙofa tun rasuwar mijinta, daga ita sai awaki da kaji. Wata safiya santsi ya kwashe ta a bakin randa, ƙugu ya riƙe, ta kasa tashi. Nan ta kwanta cikin rana har azahar, sai da wata maƙwabciya ta shigo aron rariya ta gan ta.

Labari ya kai Kaduna, inda ɗanta Abdulrauf, ƙanin Kulu, yake koyarwa. Ya zo hankali tashe, riƙe da wani ɗan kwali. A ciki akwai wani maɓalli mai igiya, ana rataya shi a wuya kamar laya. Ya ce in mutum ya faɗi ya danna, wasu mutane a ofis za su amsa, su kira dangi, su turo mota.

"Inna, ko dai wannan a wuyanki, ko ki haɗa kaya mu tafi Kaduna," in ji shi. "Na gaji da kwana da fargaba."

Ita kuwa Inna ba abin da ta tsana irin Kaduna. Ta taɓa zuwa sau ɗaya, aka ajiye ta a ɗakin sama, ba akuya, ba maƙwabciya, sai taga mai ƙarfe. Ta miƙa hannu za ta karɓi maɓallin ke nan, sai Mamuda, da ke durƙushe a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya.

"Malam Abdulrauf, nawa abin ga yake ci?"

Abdulrauf ya yi ajiyar zuciya. Ya ce akwai kuɗin saye, sannan akwai na kowane wata, wanda ya kusa rabin buhun gero. In kana son ya gane da kansa cewa mutum ya faɗi ba sai an danna ba, da ƙari. In motar ta zo, ita ma kuɗinta daban. Ya ce albashin zai ji jiki, amma zai daure.

Mamuda ya yi dariya har da dukan cinya.

"Rabin buhu! Kowane wata! Don wani ƙato shi zauna cikin sanyin ofis yana jiran tsohuwa ta hwaɗi? Haba ƙanena, kana da Injiniya a gida ka tahi kana ba bare kuɗi? Maida masu kayansu. Ni zan haɗa wa Inna wanda ya hi wannan, kuma ko sisi ba ka kashewa."

Kulu ta ce, "Malam, pankar ɗakinmu hwa da ka kwance tun bara?"

"Ke, ana maganar kimiyya."

Da Abdulrauf mai kunnen ƙashi ne da ya tsira. Amma mutumin da albashinsa ke ƙarewa kafin wata ya raba, in aka ce masa kyauta, kunnensa yakan yi laushi. Ya yarda ya mayar da maɓallin. Sai dai ya kafa sharaɗi: zai dawo hutun makaranta, in ya tarar abin Mamuda na aiki Inna ta zauna gidanta, in ba haka ba sai Kaduna. Mamuda ya ce ya ma ƙara da cewa in ya yi aiki a yi masa tafi. A ransa kuwa har ya gama buɗe kamfani, duk tsohon da ke zaune shi kaɗai daga Kankia har Kusada ya zama kwastomansa.

Kashegari ya dawo da wata 'yar ƙaramar waya da wani matafiyi ya manta a rumfarsa. Ya durƙusa nesa da tabarma, ya ce in Inna ta ji wani abu ta danna lamba ɗaya, shi zai ɗauka. Aka gwada, shiru. Aka fita tsakar gida, shiru. Ya yi ta yawo da waya a sama kamar mai neman wata, har ya gano ba inda sabis yake a gidan sai kan rumbu.

Inna dai tun da aka ɗaura auren Kulu ba ta taɓa kallon Mamuda ido da ido ba, balle ta yi masa magana kai tsaye. Kunyar suruki ce irin ta mutanen da. Duk abin da za ta faɗa masa sai ta bi ta kan 'yarta, ko da yana zaune gabanta. Ta juya wajen Kulu.

"Ke, tambaye shi, in na hwaɗi tashi zan yi in hau rumbu in gaya mashi na hwaɗi?"

"A'a Inna, za a sa tsani," in ji Mamuda.

"Ki ce mashi, ko sabis ɗin a bakin gadona yake kwana, ni ba ni kiran suruki shi ishe ni kwance ba kallabi. Gara a ishe gawata."

Ta naɗe wayar a tsumma, ta sa cikin kwalla, ta rufe, ta ɗora wata kwallar a kai don kada ƙura ta taɓa kayan mutane.

Wani mai hankali da nan ya tsaya. Mamuda ya ce ai dama wayar gwaji ce, babban aiki na tafe. Ya je wajen 'yan gwangwan ya sayo hon na tsohuwar tirela. Ya ciro batirin rumfarsa, ya bar masu caji suna zaginsa a tasha. Ya ɗaure hon a kan darbejiyar tsakar gidan Inna, sannan ya ja igiya daga ɗaki zuwa madafa, daga madafa zuwa bayan gida, daga nan zuwa randa, duk a tsayin gwiwa, wai ko ina tsohuwa ta faɗi hannunta zai kai. Tsakar gida ta koma kamar wurin saƙa.

Wadda ta fara faɗuwa Kulu ce, ɗauke da ƙwaryar fura. Igiya ta harɗe ta, hon ya yi wata ƙara da ta tashi tsuntsayen unguwa gaba ɗaya.

"Kin gani?" in ji Mamuda, yana tsallake furar da ta zube. "Yana aiki!"

Saura masu kai agaji. Ya je mahaɗa wajen 'yan acaɓa, ya sami shugabansu Nagoggo, wani dogo mai tabarau da ba ya cire shi ko a masallaci. Ya ce da sun ji hon su garzaya gidan Inna Maimunatu. Don kada su yi masa wasa, ya ce ba a biyan kuɗin zuwa, sai wanda ya sauke ta a ƙofar asibitin Kusada.

"In mun ishe ta lahiya hwa?" in ji Nagoggo.

"Kai likita ne? Kai dai ɗauko."

"Wa ke biya?"

"Kamfani."

"Ina kamfanin yake?"

Mamuda ya bugi ƙirjinsa. Nagoggo ya dube shi ta saman tabarau.

Abin da Injiniya bai sa a lissafi ba shi ne igiyar rama ce, kuma akuya ba ta san kimiyya ba. Da hantsi, Inna na zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa, jar akuyarta ta kama igiya ta fizga. Kafin hon ya yi shiru babura sun cika lungu. Zaure ya yi musu ƙunci, suka bi ta danga, dangar ta kwanta. Nagoggo ya riga kowa. Shi da wani suka ɗaga tsohuwa cak, suka dasa ta a tsakiyar babur, ɗaya gaba ɗaya baya.

"Ku sauke ni, 'yan banza! Lahiyata lau!"

"Haka masu hawan jini ke cewa, Inna. Riƙe ni da kyau."

Suka bi hanyar Kusada da ita a guje, suna faɗawa kowane rami, sauran baburan na biye ko Allah zai sa ta zame su samu rabo. A asibiti aka auna jininta aka ga ya hau, yo ina ba zai hau ba? Aka ba ta magani, aka kira Abdulrauf a waya ya turo kuɗin kati da na magani da na babur. Ta dawo gida da takalmi ƙafa ɗaya, ta tarar kaji sun gama da gyaɗar.

Ranar Mamuda bai bar kowa ya sha shayi lafiya a tasha ba. "Da ba don hon ɗina ba da yanzu ana zaman makoki. Likita da kanshi ya ce jini ya hau. Su na Kaduna sai an danna, nawa kuwa tun ciwon bai sanar da mai shi ba ya gano shi."

Daga nan Ƙofa ba ta ƙara samun sukuni ba. Akuya ta ja, kaza ta sauka a kai ta ja, iska ta kaɗa reshe ya ja. Hon ya yi ƙara liman na tsakiyar sallar azahar, sahun baya ya watse. Jakin wani ya ji ƙarar ya zubar da mangalar taki a ƙofar mai unguwa. Kajin Inna suka daina ƙwai. Ita kuwa da ta ji hon sai ta yar da abin da ke hannunta, ta tsallake igiyoyi, ta faɗa gidan maƙwabta ta ɓuya bayan turmi. Abin da aka kafa don ranar da ta kasa tashi, shi ya koya wa tsohuwa mai ciwon ƙugu gudu.

Wata rana 'yan acaɓa suka shigo ba su same ta ba, sai maƙwabciyar nan da ta dawo da rariya. Suka dubi juna. Tsohuwa dai tsohuwa ce. Suka ɗauke ta, da rariyar da komai, sai Kusada.

"Wannan ba kwastomata ba ce," in ji Mamuda da Nagoggo ya zo karɓar kuɗi. "Kamfani ba shi biyan kuskure."

"To biya na sauran zuwan da muka yi."

"Kun kai ta asibiti?"

"Ta ina za mu kai ta, tana jin mu tana tsallake katanga?"

"To ka gani. Mai tsallake katanga lahiyarta lau. Aikin kamfani ke nan."

Nagoggo ya cire tabarau, abin da ba wanda ya taɓa gani, ya goge shi a riga, ya mayar. Ya ce, "Allah shi kai mu," ya tayar da babur.

Kulu ta roƙi mijinta ya kwance igiyoyin nan tun ba su karya mata uwa ba. Inna ma ta aiko da saƙo, ta ce a gaya masa ta yafe, ta gode, ya bar ta ta faɗi cikin rufin asiri. Amma tana faɗa tana share ƙwalla, don ta san in aka kwance, Kaduna ce. Tana tsoron hon, tana tsoron ɗakin sama, ta rasa wanda ya fi.

Mamuda ya ce matsalar ɗaya ce, Inna ba ta son jan igiya. Saboda haka zai yi irin mai tsadar nan, wanda ke gane faɗuwa da kansa. Ya kwance na tsakar gida, ya bar guda ɗaya. Ya zura ta ta kan azarar rufin ɗakin Inna, bakinta ɗaya a hon, ɗayan kuma za a ɗaura a ƙugun tsohuwa. Tana tsaye igiya na sake, tana faɗuwa nauyinta ya ja.

"Ke, tambaye shi," in ji Inna, "in zan yi sujada hwa?"

"Za a duba wannan a kashi na biyu."

"Ki ce mashi ko akuyata da rana sakinta nake."

Hutu ya zo, Abdulrauf ya iso. Mamuda bai tsaya a nuna wa mutum ɗaya ba. Ya gayyaci mai unguwa, ya aika har Kunduru a zo da duk tsohon da ke zaune shi kaɗai, ya yi hayar kujerun roba, ya sa babbar riga. Jama'a suka cika ƙofar gida, yawancinsu ba don son kimiyya ba, sai don an daɗe ba a yi abin kallo a garin ba. Inna ta ce ba da ita ba, ta shige madafa ta zauna. Mamuda ya ce ba komai, shi zai zama tsohuwar.

"Jama'a, zan shiga ɗaki in ɗaura igiya in hwaɗi. Za ku ji hon, za ku ji ina kururuwa kamar gaske. Kada wanda ya motsa. Ranka shi daɗe, ka tsare mani ƙohwa, komi kuka ji kada kowa shi shiga. So nake ku gani da idonku yadda agaji ke zuwa da kanshi."

Mai unguwa ya sa kujerarsa a bakin zaure ya gicciya sanda.

Mamuda ya shiga, ya ɗaure ƙugunsa tamau, ya ja numfashi, ya saki jiki gaba ɗaya kamar buhun masara. Shi ba ƙaramin mutum ba ne, azarar kuwa tun zamanin marigayi take, gara ta daɗe da cinye cikinta. Hon ya ɗauka. Azara ta biyo igiya, rufin ƙasa ya biyo azara, duk suka sauka a kan ƙafar Injiniya.

"Wayyo Allah! Ƙahwata! Jama'a ku taimake ni!"

A waje aka fara gyaɗa kai.

"Kai, mutumin ga ya iya," in ji wani tsoho daga Kunduru. "Sai ka rantse da gaske ne."

"Wallahi da gaske ne! Na karye!"

Aka yi masa tafi. Kulu ta miƙe za ta shiga, mai unguwa ya tare ta da sanda ya ce amana aka ba shi. Hon ya maƙale yana ta ƙara, Abdulrauf na duba agogo yana kallon hanya, ba babur ba alamarsa. Can ya waiga, sai ga Nagoggo da yaransa zaune a kujerun baya suna shan rake.

"Ba ku ne masu agajin ba?"

"Mu ne."

"To ba ku ji hon ba?"

"Muna ji, ai ba kurame ba ne. Sai kamfani ya biya na baya."

Ana cikin haka Inna ta fito daga zaure, ƙura ta yi mata fari fat har gira. Ba ta dubi kowa ba sai 'yarta.

"Ke, shiga ki kwashe shi. Ya kashe mani ɗaki."

Sai a lokacin aka ruga. Aka tarar da Injiniya rabi a waje rabi cikin ƙasa, babbar riga ta naɗe masa kai, igiya na nan daram a ƙugu. Gadon Inna ya karye, kwallayenta sun lotse, sama na leƙowa ta inda rufi yake. Sai da wani ya hau darbejiya ya cire wayar batir kafin a ji abin da Mamuda ke cewa, ashe cewa yake a kira acaɓa. Nagoggo ya ce kuɗi hannu. A amalanken shanu aka kai shi gidan mai ɗori, yara na biye suna kwaikwayon hon. Tsofaffin Kunduru suka tambayi wanda zai biya musu kuɗin motar komawa.

Abdulrauf ne ya biya. Shi ya biya 'yan acaɓa, da mai kujeru, da mai ɗori, da mai danga, da iyalan maƙwabciyar da aka kai Kusada ba ta shirya ba. Kuɗin maɓallin da ya mayar tuni suka bi ta nan, har da ƙari. Ya kira masu maɓallin ya ji ko za a sake, aka ce farashi ya tashi. Ya tsaya ya dubi ɗakin, ya dubi gabas inda hadarin farko ya fara haɗuwa. Ba kuɗin rufi, ba kuɗin maɓalli. Bai yi faɗa ba, ya ce wa uwarsa kawai ta haɗa abin da ya saura.

Ranar tafiya aka raba awakin a gidajen maƙwabta, jar akuyar tana ta kuka a bakin turke. Inna ta zagaya tsakar gida, ta taɓa randa, ta leƙa rumbu, ta tsaya a gindin darbejiyar da mijinta ya dasa har sai da direba ya yi magana. Abin tausayi ne ƙwarai, matan unguwa duk suka yi ta kuka. Kulu ta ɗauko jakarta ita ma, ta ce za ta raka uwarta ta zauna da ita har ta saba.

"Ni hwa?" in ji Mamuda, da aka jingine a bakin zaure da ƙafa cikin karan ɗori. "Wa zai miƙo mani ruwa?"

"Ka ja igiya," in ji Kulu.

Ko a haka bakin bai mutu ba. Ya dubi mutanen da suka taru ya ce su dai yi adalci, hon ya yi ƙara ko bai yi ba? Azara ce ba ta da inganci. Kuma a rubuta a ajiye, tun da ya kafa kamfani ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Inna ta riga ta sa ƙafa ɗaya a mota. Ta tsaya, ta gyara mayafi, ta juya wajen 'yarta.

"Ke, ki ce mashi na gode. Mutuwar maigida ba ta hitar da ni gidan ga ba, ciwo bai hitar da ni ba, yunwa ma ta gwada ta bari. Shi ya iya. Ki ce mashi lallai Injiniya ne."

Kulu ba ta maimaita ba, don kowa ya ji. Abdulrauf ya ja ƙyauren zaure ya sa kwaɗo, motar ta tashi.